Kunyar Ɗan Fari a Cocin Bakin Tasha

Duk wanda ya zauna a Birnin Kudu a shekarun da kuɗin man fetur suka fara zagayawa ya san Tani mai daddawa. In bai san fuskarta ba, to miyar gidansu ta san hannunta. Gajeriyar mace ce, baƙa, mai tsagar gado a kumatu, wadda za ka yi ciniki da ita ka tafi ba ka ji kalma biyar daga bakinta ba. A cocin bakin tasha kuwa Maman Fasto ake ce mata, sunan da ba ta taɓa amsawa da daɗin rai ba. Har yau in ana bikin tunawa da kafa cocin, sai wani ya miƙe ya ba da tarihinta da tafi da ganga, ya ce ita ce tsohuwar da Ubangiji ya kwance wa harshe a gaban jama'a. Masu tafin dai baƙi ne, ko 'ya'yan baƙi. Matan da suka zauna da ita a tsakar gida ba haka suke ba da labarin ba.

An haife ta a wani ɗan ƙauye bayan Kwandiko, a ƙasar Gwaram, gidan manoma masu bin al'adar kakanni, irin waɗanda maƙwabtansu Musulmi ke kira Maguzawa. Gero da dawa suke nomawa da 'yar gyaɗa, kuma ba macen gidan da ba ta da bishiyar ɗorawar da take ji da ita. A wurin uwarta ta koyi sana'a: a dafa kalwa wuni guda, a surfa, a kai rafi a wanke, a sake dafawa, a rufe a kwando da ganye har ta tashi, warinta ya kori baƙo ya kira mai miya. A wurin uwar tata kuma ta koyi abin da su a ganinsu ya fi sana'a, wato kunya.

A wannan yanki, Bamaguje da Bahaushen masallaci da Bafillacen ruga suna iya saɓawa a kan komai, amma bakinsu ɗaya a kan ɗan fari. Uwa ba ta kama sunansa. Ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta cin abinci yana wurin, in an yabe shi ta kau da kai, in ya faɗi ta bar wani ya ɗaga shi. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya san haka. Mace tana nuna cewa ta fi ƙarfin zuciyarta ne, kuma da wannan ake auna gidan da ta fito.

Da Tani ta haifi nata ɗan farin aka sa masa suna Dabo. Ana yaye shi kakarsa ta wajen uba, Dada, ta ɗauke abinta ta goya. Yaro ya tashi yana ce wa Dada Inna, ita kuwa Tani Yaya yake ce mata, yadda ya ji ƙannen ubansa suna faɗa. Wata rana yana ɗan ƙarami kunama ta harbe shi a gindin rumbu. Tani na tsakar gida tana surfe, ta ji ihunsa sarai, amma taɓaryar ba ta tsaya ba. Dada ce ta ruga da shi wajen mai magani. Matan gidan sun daɗe suna ba 'yan mata wannan labari don su yi koyi. Abin da ba sa faɗa shi ne, da aka leƙa turmin sai aka tarar geron da aka ce ta surfa ya zama gari, ita ba ta ma sani ba.

Bayan Dabo ta yi ta haihuwa suna komawa, sai mace ɗaya da ta tsaya, Mero. A kan Mero ta sauke duk abin da ta tara, goyo da kitso da zagin wasa. Dabo kuwa tun daga lokacin ya sami suna a bakinta. In za ta yi maganarsa sai ta ce yayan Mero.

Gab da samun 'yancin kai Dabo ya zama magidanci, noma bai ishe shi ba, ya gangara Birnin Kudu aikin leburan hanya. A nan ya haɗu da wani bakanike mutumin kudu, mai gyaran keke da injin niƙa a wata rumfa a bakin tasha. Sunansa na yanka ya gagari harshen mutanen gari, da yake kuma daga Kano ya iso, sai aka bar masa Maikano. Ran Lahadi Maikano yakan jingine kekunan mutane gefe, ya share ƙasa, ya shimfiɗa buhuna. 'Yan tsirarun mutane ne ke taruwa, wani direba da ma'aikatan asibiti da matansu, su yi waƙa da tafi, sannan kowa ya ɓarke da addu'a da ƙarfi a lokaci ɗaya, wani na kuka, wani na magana da harshen da shi kansa bai sani ba. Ranar farko 'yan kamasho sun rugo da gudu, suna zaton faɗa ake yi ko an yi mutuwa. Da suka ga ibada ce, sai suka girgiza kai suka koma lodi. Dabo ya ɗan tsinci Turanci a bakin hanya, don haka ya zama shi ke tsayawa kusa da Maikano yana mayar da wa'azi da Hausa. Asalin cocin ke nan, duk abin da za a gaya maka bayan wannan ƙari ne.

Mijin Tani ya rasu, Dada ma ta bi shi. Mero ta auri wani mai shara a asibiti, ɗaya daga cikin masu taruwa a rumfar, sai Tani ta ɗauko tukunyar kalwarta ta dawo wurinsu. Gidan Dabo na nan a unguwar, da matarsa da 'ya'yansa, amma ko a mafarki ba ta kawo zama a can ba. Katanga ɗaya ta raba ta da Batulu mai koko, Musulma, sa'arta, mai bakin da ba ya ajiye magana. Kafin damina ta zagayo sun zama ƙawaye, ana miƙa gishiri da gulma ta kan katanga.

Riƙon jika ne ya fara kai ta rumfar Maikano. Wa'azin bai shige ta da wuri ba, don mai fassarar ba mutumin da za ta ɗaga kai ta saurara ba ne. Addu'ar ce ta kama ta. Da kowa ya ɗaga murya, ba mai jin na kusa da shi, sai ta ga ta sami abin da ba ta taɓa samu ba tun da ta haihu: wurin da za ta roƙa wa yaron nan alheri da bakinta, da ƙarfi, har da hawaye, ba wanda zai ce ta yi rashin kunya. Ko a nan ɗin ba ta kama sunan ba. “Ubangiji, ka duba yayan Mero,” take cewa, ta san ba za a rikita shi da wani a sama ba. Ta gaskata da zuciya ɗaya, Maikano ya yi mata baftisma a kogi da kaka, lokacin da ruwa ya fara ja.

Sai ga shekarar da ƙasa ta rikice, mutanen kudu suka ɗaure kayansu suka nufi gida. Maikano ya damƙa wa Dabo Littafi Mai Tsarki da ganga da akwatin kayan gyara, ya hau bayan mota yana kuka, ba a sake ganinsa ba. Lahadin da ta biyo baya 'yan gida kaɗai suka rage. Aka dubi juna, aka dubi Dabo, ya miƙe ya tsaya a gaba.

Kowa ya yi murna ban da mutum ɗaya. Mai tsayawa a gaba kallonsa ake yi, in ya yi addu'a a ce amin, in ya gama a miƙa masa hannu. Tani ta ja tabarmarta can baya. Lahadi ta gaba ta fitar da ita waje, bayan zana. Da aka yi gayya aka gina ɗakin ƙasa a wurin rumfar, sai ta zaɓi gindin tagar baya, inda murya ke fitowa amma ba a ganin fuska, nan ya zama wurinta. Duk shekarun yaƙi ba wanda ya ce mata don me. Masu zuwa a lokacin manoma ne na ƙauyukan kewaye, wasu har daga wajen Dingaya da Zandam in ana babban taro, kuma sun san abin da suke gani. In tsoho ya wuce ta a gindin taga sai ya rage tsawo ya gaishe ta, ya ce wa 'yarsa ta dubi yadda 'ya'yan mutunci ke yi. Ita ta ɗebi ruwan kwaɓa ginin, ita ta tuƙa wa magina tuwo, amma kwanon Dabo Mero ke zubawa.

Bayan yaƙi baƙi suka fara dawowa, sababbi sun fi tsofaffi yawa. Gwamnati ta yi kuɗi, ana buɗe makarantu, ana zuba kwalta, kowane rani sai an ga sababbin malamai da nas-nas da 'yan kwangila. Ɗakin ƙasa ya yi kaɗan. Aka sayi benci, aka sayi lasifika mai aiki da batirin mota, aka fara ginin bulo a gefe, aka haɗa cocin da wata babbar ikkilisiya mai hedkwata a Kano.

Cikin baƙin akwai wata ungozoma da ake kira Maman Sande, ita ta zama shugabar zumuntar mata. Kada a zalunce ta, mace ce mai kirki, ta karɓi haihuwar rabin unguwar, ba ta taɓa ganin mai yunwa ta wuce shi ba. Sai dai a garinsu da sunan ɗan fari ake kiran uwa, Sanden nan ma ɗan farinta ne, kuma uwar fasto a can kujerar gaba take zama da ɗaurin kallabi kamar faifai. To ga ta ta zo inda uwar fasto ke zama a waje kan tabarma, in ɗanta ya doso ta juya fuska ga bango. Da ciwon shawara ya kwantar da Dabo, duk coci an je dubiya, ban da uwar da ta haife shi. Maman Sande ba ta ga saiwoyin da ake jiƙawa a gidan Mero ana aikawa safe da yamma ba, ba ta kuma ga wadda ta daina cin abinci har ya tashi ba. Abin da ido ya gani shi ta ɗauka ta kai wa mata, mata suka yanke hukunci cewa wani ruhu ne daga bautar da tsohuwar ta baro ya riƙe ta.

Wata rana da hantsi suka shigo gidan a jere, da fararen kallabi, da sabulu da sukari a faranti. Tani na shanya daddawa. Ta shimfiɗa musu tabarma, aka gaisa.

“Mama,” in ji Maman Sande da Hausarta ta asibiti, “Fasto ɗanki ne, ko ba ɗanki ba ne?”

“Yayan Mero ne,” in ji Tani.

“Mun sani. Yaya sunansa?”

“Ai kun fi ni sani, ku da kuke tare kullum.”

Matan suka dubi juna. Mero ta fito daga madafa ta ce, “Ku yi haƙuri, al'adarmu ce. Ɗan fari ne.”

“Yawwa!” in ji Maman Sande. “Kin faɗa da bakinki. Al'adar ita ce igiyar. Yesu ya zo ne ya tsinka ta.”

Kafin Tani ta ankara sun kewaye ta, hannuwa a kanta da kafaɗunta, murya ta tashi ana umartar ruhun bebantaka ya fita. Kallabinta ya zame, yaran unguwa suka cika ƙofar gida. Ita da ba a taɓa ɗaga mata murya a gidan miji ba, yau ga ta a tsakiya kamar akuyar da ake tayawa a kasuwa. Ba ta yi musu ba, ba ta yi kuka ba, ƙasa kawai take kallo tana jira a gama.

Suna fita Batulu ta leƙo ta kan katanga.

“Ke Tani, me kika sata aka turo miki runduna?”

“Addu'a suka yi mini.”

“Na ji addu'ar, har na kusa ɓarar da kokona. Wai don ba ki kama sunan ɗan fari ba? To ni ma su zo su yi mini, da duk matan garin nan. Baƙo ai ko da ido makaho ne, ban ga laifinsu ba. Shi ɗan naki fa? Ba shi da baki ne? Kalma biyu zai faɗa musu a wuce wurin.”

Tambayar ta daɗe a ran Tani. Dabo ya san al'adar kamar yunwar cikinsa, a cikinta ya girma, kuma ya ji abin da aka yi. Bai ce uffan ba. Ta yi masa uzuri da cewa ƙila kunyar baƙin yake ji, kada su ce fastonsu ɗan ƙauye ne.

Ginin bulo ya kai ga rufi, aka sa ranar buɗewa bayan girbi. Babban fasto zai zo daga Kano ya buɗe, ya kuma naɗa Dabo cikakken fasto, don har lokacin riƙon ƙwarya yake yi. Sai Mero ta dawo daga taron mata da magana. Wai labari ya kai Kano. Wai ana cewa mutumin da uwarsa ba ta ce wa addu'arsa amin, yaya zai riƙe jama'a? Wai akwai wani mai takardar makarantar Littafi da ake tunanin kawowa.

“Inna, wannan wuri shi ya riƙe shi lokacin da kowa ya gudu,” in ji Mero. “Yanzu da ya zama abin so, a kanki za a karɓe?”

“To me ake so in yi?”

“Ki shiga ciki ranar. Ki zauna inda suka ce. Shi ke nan.”

Gaba kura, baya sayaki. Tani ta yi kwanaki tana juya maganar. A ƙarshe ta ce zama dai ba magana ba ne, za ta iya zama ta sunkuyar da kai har a tashi.

Ranar ta zo. Motoci suka cika bakin tasha, an yi anko, an yanka sa. An ɗaure bakin lasifikar a kan darbejiyar ƙofar coci yana fuskantar unguwa, don duk gari ya san an yi gini. Maman Sande da kanta ta ɗaura wa Tani sabon zane, ta riƙo hannunta ta ratsa da ita tsakiyar jama'a har kujerar gaba mai kushin, wadda in ta zauna ƙafafunta ba sa ko taɓa ƙasa. Rabonta da shiga ƙarƙashin rufi ɗaya da shi tun zamanin rumfa. Ta kafa ido a kan sabon siminti.

Babban faston ba ya jin Hausa, saboda haka Dabo ne ke mayar masa da magana, kamar yadda ya saba tun zamanin Maikano. Aka yi waƙoƙi, aka yi wa'azi, aka kira Dabo ya durƙusa, manya suka ɗora masa hannu. Tani ta fara jin sanyi a ranta, tana cewa an kusa. Sai babban faston ya juyo wajenta, ya yi 'yar magana da Turanci yana murmushi, ya miƙo mata abin magana mai igiya. Dabo na durƙushe a gabanta, bai ɗago ba, ya fassara da murya ƙasa-ƙasa.

“Ya ce ki kama sunan ɗanki, ki sa masa albarka.”

Coci ya yi tsit. Ƙarfen ya yi mata nauyi a hannu, tana jin numfashinta yana fita ta kan darbejiya. Ta san su wa ke bayan katangu a wannan lokaci: Batulu, da matan da take sayar wa daddawa. Ga tsofaffin da ke rage tsawo su gaishe ta a benci. Ta kuma san abin da shirunta zai jawo, ga baƙin Kano a zaune suna kallo. Ta buɗe baki ta ce, “Ubangiji ya yi wa yayan...” sai ta ji Mero a bayanta ta ja numfashi. Ta tsaya.

“Dabo,” ta ce.

Sunan ya fita ta lasifika da ƙarar da ta ninka muryarta, ya ratsa tasha, ya shiga gida-gida. Ta ji shi da kunnenta ya dawo mata kamar wata ce ta faɗa.

“Dabo, Allah ya yi maka albarka. Allah ya rufa maka asiri, ya sa ka gama lafiya.”

Wurin ya kece. Ganga ta tashi, mata suka yi guɗa irin tasu, Maman Sande ta rungume ta tana kuka tana cewa an kwance ta, an kwance ta. Wasu suka faɗi suna birgima a sabon siminti. Ita kuwa Tani ji ta yi kamar an tuɓe mata zane a tsakiyar kasuwa. Ana tsakiyar rawa ta zame daga kujerar, ta bi ta ƙofar baya ta tafi gida, ko shinkafar bikin ba ta jira ba.

Ta daɗe ba ta fita kasuwa ba, Mero ke kai mata daddawar. Batulu ba ta leƙo ta katanga ba, zagayowa ta yi ta ƙofa, ta zauna, ta yi ta zancen tsadar kalwa. Da za ta tashi ta ce, “Na ji, Tani. Ba zan ce miki ban ji ba, har 'yan kamasho a tasha sun ji. Na san abin da ya sa. Ni dai da ba zan iya ba.” Ba da mugun nufi ta faɗa ba, shi ya sa ma maganar ta fi ciwo. Da Tani ta koma kasuwa akwai 'yan matan da ke tsayawa a gaban faifanta su ce, “Iya, ina Dabo?” su ruga suna dariya. Wani tsoho daga Dingaya da ya saba durƙusa mata ya gaishe ta a tsaye.

Coci kuwa daga ranar ya bunƙasa. Labari ya zaga ƙauyuka cewa an warkar da bebiya, aka riƙa kawo marasa lafiya a kan jakuna da a-kori-kura, har sai da aka ƙara wa ginin tsawo. Tani ta mayar da tabarmarta gindin tagar baya ta sabon ginin. Aka yi juyin duniya ta koma kujera ta ƙi, aka gaji aka ce tawali'u ne. Ta yi shekaru masu yawa bayan haka, kuma kowace shekara sai ta ji an ba da labarinta ta taga, ana tafi.

Amma akwai abin da bai shiga tarihin ba. Ya faru ne a cikin kwanakin da ta ƙi fita, wata la'asar da Mero ta tafi rijiya. Tani na zaune tana faffaɗa daddawa a kan faifai sai ta ji an yi gyaran murya a ƙofa. Ta gane ko wane ne, ta juya wa ƙofar baya. Dabo ya tuɓe takalmi, ya tsuguna can nesa kusa da turmi. Bai taɓa shigowa ya same ta ita kaɗai ba.

“Yaya, na zo in faɗa miki wata magana.”

“Mero ba ta nan,” ta ce wa bango.

“Na sani. Na ga fitarta. Babban faston nan bai ce ki kama suna ba. Cewa ya yi uwa ta yi addu'a, shi ke nan. Ni na ƙara sauran.”

Hannunta ya tsaya a kan daddawar.

“Naɗin fa? An ce za a karɓe.”

“Surutun mata ne. An gama maganar naɗi tun kafin su taso daga Kano.”

Ashe a banza ta zubar da abin da ta tsare tun tana yarinya, ba ta ceci kowa ba. Ta so ta yi masa faɗa, amma faɗa ma magana ce, ba ta san ta inda ake fara ta da shi ba.

“Me ya kai ka?” Abin da ta iya cewa ke nan.

“Inna Dada ta rasu, Maikano ya tafi. Yanzu kowa Fasto yake ce mini, har matata. Da matan nan suka fara maganarsu na san gaskiya, na yi shiru, don na ga ƙila ta nan zan samu. So nake in ji yadda yake a bakinki, ko sau ɗaya. Na tozarta ki a gaban gari, na kuma yi ƙarya a gidan Ubangiji. Tun ranar ban iya tsayawa gaban mutane na ɗaga kai ba. Abin da ya fi ba ni kunya, Yaya, na ji daɗinsa.”

Tani ta daɗe tana kallon bango. Sannan ta yi abin da ba wanda ya nema a wurinta, ta juyo ta dube shi.

Dattijo ta gani. Gemunsa ya yi furfura, kumatunsa sun faɗa, idanunsa sun yi ja. Ita a ranta har yanzu fuskarsa ta yaron da aka yaye ce, don ita ce ta ƙarshe da ta ƙare wa kallo. A goshinsa, sama da girar hagu, akwai wani dogon tabo mai zurfi, irin wanda ba a samu sai an zubar da jini da yawa. Kunyar da ta kama ta a nan ta shafe ta lasifika, don wannan ba ta da wanda za ta ɗora wa.

“Wannan fa?” ta ce, tana nuna nata goshin. “Yaushe?”

Ya shafa wurin, kamar sai yanzu ya tuna da shi.

“Tun a aikin hanya. Dutse ne ya fashe.”

“Ban gani ba.”

“Ya daɗe da warkewa, Yaya.”